Snus na zube: ɓarzajje ko mai laushi, me ya sa masu saye ba sa yarda a musanya musu?

Zauren Hausawa mazauna Suwidin

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga waɗanda suka daɗe a ƙasar nan ce. Na samu aiki a wani ɗan shago a Malmö, irin mai jarida da alawa da katin waya, to kusan rabin cinikinmu daga firjin snus yake fitowa, wato jiƙaƙƙiyar tabar nan ta Suwidin da ake sawa a ƙarƙashin leɓe. Na ƙunshi, wanda ke zuwa a naɗe cikin 'yan ƙananan takardu, ba ya ba ni wahala, mutum ya faɗi suna da launin gwangwani in miƙa masa. Na zube ne ya ɗaure mini kai. Jiya wani dattijo ya zo neman Grov, ya ƙare mana, sai na ɗauko masa Röda Lacket tunda duka na zube ne kuma kuɗin kusan ɗaya. Ya dube ni, ya girgiza kai, ya fita ko alawa bai saya ba. Mai shagon ya ce wai mai neman ɓarzajje na ba mai laushi. Ni a idona duk baƙin gari ne mai danshi. Don Allah mene ne bambancin?

Baba Direba: Wa alaikumus salam. Ɗana, ai ka ba shi abin da ya fi nisa da nasa a duk firjin. Grov niƙansa ɓarza ce, in ka murza a yatsa za ka ji ƙwayoyinsa. Röda Lacket kuwa an niƙe shi luƙui. Ni a nan arewa nake jan motar katako, tsakanin Umeå da Skellefteå da cikin dazuzzukan can, a wurin abokan aiki na koya, kuma tsofaffin direbobin da na sani mafi yawansu ɓarzajje suke so. Dalili ɗaya ne, yana daɗewa. Ka cura shi da kyau ka tura ƙarƙashin leɓen sama, sai ya zauna lafiya, ɗanɗanon yana fitowa a hankali har ka manta da shi. Mai laushi da zarar ya sha yawu sai ya kwaɓe, baƙin ruwa ya fara gangaro maka ta tsakanin haƙora. Kana riƙe da sitiyari a kan ƙanƙara, bayanka tirela maƙare da gungume, ina ka ga hannun gyara leɓe?

Na-Damagaram: Baba, ku yi mini aikin gafara, amma an yanke hukunci ba a kira ɗaya ɓangaren ba. Ni mai laushi nake sa wa, Göteborgs Prima Fint, kuma bas nake tuƙawa a Göteborg cike da fasinja. Da yana zubar mini da baƙin ruwa da tuni an kai ƙarata. Mai laushi yana kama jikinsa, matsa biyu uku ya dunƙule, ya kwanta a dasashi sumul. Ɓarzajjenku fa? Sai mutum ya yi ta fama, ya cura ya warwatse, ya sake curawa, rabi a hannu rabi a wando. In ya samu ya shiga baki kuma, ka yi wa mutum murmushi ya ga ɗigo-ɗigon baƙi a haƙoranka.

Baba Direba: Wannan hannun ɗan koyo ne, ba laifin taba ba.

Na-Damagaram: To kwaɓewar da kuka faɗa ma hannun ɗan koyo ne, Baba. Wanda ya ɗebo da yawa bai matse ba, ko wane iri ya sa sai ya zubo masa.

Ɗan Fagge: Ku ɗan tsaya, wace curawa kuke ta faɗa? Na ɗauka ɗiba ake yi a sa a baki kamar tabar gari.

Baba Direba: Akwai masu yin haka, su tsunkuro daga gwangwani su cusa kai tsaye, amma ana yi musu kallon ƙauyawa. Yadda ake yi shi ne ka ɗebo da babban yatsa da manuniya da na tsakiya, gwargwadon abin da leɓenka zai ɗauka. Ka ɗora a tsakanin yatsun hannu biyu kana juyawa kana matsa gefe da gefe, ka danne kai ka danne gindi, har ya zama ɗan curi mai tsawo kaɗan wanda in ka sake shi a tafin hannu ba zai fashe ba. Sai ka ɗaga leɓen sama da hannu ɗaya, ka tura shi gefe, ba tsakiya ba, ka gyara masa zama da harshe. Shi suke kira prilla. Ba a tofar da yawu. Wanda ba ya son ɓata hannu akwai ɗan bututu da ake sayarwa, ka caka a cikin tabar ya matse maka, ka tura kamar sirinji. Ni dai ban yarda da shi ba, don yana matsewa fiye da kima, ɗanɗano ya ƙi fita.

Ɗalibin Uppsala: Bari in sa baki, don fannin sarrafa abinci nake karanta, kuma snus a ƙasar nan tun 1971 yana ƙarƙashin dokar kayan abinci ne. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne babu gwangwanin da ke ɗauke da ɓarza zalla ko laushi zalla. A masana'anta ana niƙa busasshen ganyen, sannan a tankaɗe shi ya rabu gida uku: mai kauri, matsakaici, da mai laushi. Kamar dai yadda ake tankaɗen masara a gida a ware gari daban tsaki daban, sai dai su mayar da su suke yi su haɗa, kowane suna da nasa awon. Wanda ake kira ɓarzajje kason mai kaurin ne ya rinjaya, amma dole da mai laushi a ciki, in ba haka ba ba zai taɓa curuwa ba. Bayan haɗin sai a zuba ruwa da gishiri a turara shi da zafi, ba a barin sa ya ruɓa kamar wasu tabobin. Sai a sa soda, a sa abin riƙe danshi, a ƙarshe a sa ƙamshi. Kusan rabin nauyin na zube ruwa ne.

Game da gardamar Baba da Yaya Na-Damagaram, kowa yana da gaskiyarsa. Ƙananan ƙwayoyi sun fi ba yawu wurin taɓawa, don haka suna saurin sakin ɗanɗano. Amma kuma sun fi matsuwa, in aka matse su sosai yawu ba ya ratsa tsakiyar curin da wuri. Ɓarzajje akwai 'yan ƙofofi a tsakanin ƙwayoyinsa, yawu na shiga a hankali ta ko'ina. Shi ya sa mutum biyu za su sa iri ɗaya, ɗaya ya ce yana saurin ƙarewa ɗaya ya ce yana daɗewa.

Na-Damagaram: Ka ji ko, Baba? Har a cikin naku sai da aka zuba namu kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Baba Direba: Na ji. Ɗan kaɗan aka zuba, don an san in ya yi yawa zai ɓata.

'Yar Zango: Ikon Allah. Na bar kakata a Kumasi da ɗan kwalbar asara a bakin zane, ina cewa na rabu da wannan abu, ashe na zo inda ake sa shi a firji kusa da madara. Ita dai nata sai ya yi laushi sosai don ta hanci take sha, in ta ji ƙwaya ɗaya a ciki mai dakan ya shiga uku.

Ɗalibin Uppsala: Anti, ai nan ma ta hancin aka fara. Busasshiyar taba mai laushi ta shaƙa ita ce ta manyan Turai, daga fadar Faransa ta bazu, har da masu kuɗin Suwidin. Wajen ƙarshen ƙarni na 18 zuwa farkon na 19 ne talakawa suka koma jiƙa ta da ruwa da gishiri suna sawa a leɓe, don ta fi tabar taunawa araha kuma ba ta hana aiki. Ettan da ke firjin Ɗan Fagge tun 1822 yake, na Jacob Fredrik Ljunglöf a Stockholm. Röda Lacket daga Norrköping ya fito a 1850, gidan Swartz. General na Johan Boman ne a Göteborg, 1866. A da kowane yanki da masana'antarsa da irin niƙan da mutanen wurin suka saba, ɓarzajje kuma da mutanen arewacin Suwidin ake danganta shi. A 1915 gwamnati ta karɓe harkar taba gaba ɗaya don ta samu kuɗin tsaro da na fansho, aka rage sunaye masu ɗimbin yawa aka bar kaɗan. Waɗanda suka tsira su ne suka riƙe wa kowane ɓangare irin nasa.

Baba Direba: Shi ya sa dattijon ya fita. Wataƙila abin da ubansa ya sa ke nan, shi ma ya tashi a kai.

Ɗan Fagge: To yanzu in irin haka ta sake faruwa me zan miƙa? Ba na son mai shago ya riƙa ganin ina korar masa mutane.

Baba Direba: Da farko kar ka miƙa komai, ka ce ya ƙare, ka faɗi ranar da mota za ta kawo. Mutanen nan sun fi son haka da a yi musu dabara. In shi da kansa ya tambayi makamanci, ka nuna masa Ettan, don niƙansa tsaka-tsaki ne kuma ɗanɗanon taba ne kawai babu ƙamshin turare. General ma tsaka-tsaki ne, amma yana da ƙamshin wani lemo da suke kira bergamot, wani yana so wani ko kusa. Göteborgs Rapé kuma ƙamshin 'ya'yan wata bishiyar daji ne da ganyaye, wannan sai mai shi.

Na-Damagaram: Mai neman Röda Lacket kuma ka nuna masa Prima Fint, mai neman Prima Fint ka nuna masa Röda Lacket. Ɗanɗanon ba ɗaya ba ne, Röda Lacket yana da ɗan zaƙi-zaƙi na busassun 'ya'yan itace, amma a hannu da leɓe 'yan uwa ne. Kuma ƙanena, ka riƙa juya gwangwani kana duba kwanan wata a gindinsa. Na zube a gwangwanin kwali yake zuwa, ba ya jure zama. Wanda ya fara bushewa ko mai laushi ne ba zai curu ba, sai mai saye ya ce an canja niƙa alhali tsufa ya yi. Sababbi a baya, tsofaffi a gaba, kuma kar ka bar ƙofar firji a buɗe kana hira.

Baba Direba: A nan dai mun haɗu. Ɓarzajje ma ya fi shan wahalar bushewa, ya zama ba ya jin magana sam.

Abu Gadarif: Salamu alaikum. Ni abin da ya ba ni mamaki da na zo shi ne yadda ake wannan zaɓe-zaɓe. Mu a Sudan tumbak muke da shi, daga wajen Fashir ake kawo ganyen, a niƙa a kwaɓa da ruwan atrun, wato kanwa. Mai shago zai ɗebo ya ƙulla maka a leda. Ana cewa na wane ya fi na wane, amma ƙarfi ake nufi, wanda zai juya maka kai tun kafin ka tashi daga benci. A leɓen ƙasa akasari ake sawa, a yi ta tofi. Da na gwada na nan sai na ji kamar ban sa komai ba.

Ɗalibin Uppsala: Aikin da atrun ke yi a tumbak da kanwa a tabar gari ta gida, shi soda ke yi a snus. Yana rage tsamin tabar, sai nikotin ya samu hanyar ratsa fatar baki. Wato ƙarfin da mutum ke ji ya fi rataya a kan irin ganyen da yawan sodar, ba a kan niƙa ba. Mutane da yawa suna ɗauka ɓarzajje ya fi ƙarfi don ya fi kama da abin maza, alhali in ka duba adadin nikotin na tsofaffin sunayen nan na zube, kusan a layi ɗaya suke. Tumbak kuwa wani ganye ne daban mai nikotin da yawa, kuma barin sa ake yi ya ruɓa, shi ya sa sinadaran da ke haddasa sankara suka ninka na snus nesa ba kusa ba.

Maman Hanif: Na yi shiru ina karantawa, amma tunda an zo nan bari in yi magana. A asibitin haƙori nake aiki, ni ke wanke haƙora da duba dasashi kafin likita ya shigo. In mutum ya buɗe baki na ɗaga leɓen sama, ba sai ya gaya mini yana sa snus ba, har gefen da yake sawa zan nuna masa. Fatar wurin takan yi fari ta yi tamoji, wani ta yi kauri da tsaga-tsaga. Wannan in an daina yakan warke. Wanda ba ya dawowa shi ne dasashin da ya janye ya bar wuyan haƙori a fili, mutum ya sha ruwan sanyi ya ji har ƙwaƙwalwa. Kuma masu na zube sun fi masu na ƙunshi samun wannan. Ban taɓa ɗaga leɓe na ce wannan na ɓarzajje ne wancan na mai laushi ba. Duk abu ɗaya nake gani. Ku yi gardamarku ta daɗin baki, amma kada yaro ya karanta ya ɗauka akwai wanda ya fi lafiya a cikinsu.

Baba Direba: Hajiya, ba mu musa ba. Amma ki faɗi ɗayan gefen ma. Ni sigari nake zuƙa kafin in zo ƙasar nan, tari ba dare ba rana. Da wannan na rabu da ita. Kuma ƙasar nan ai ita ce ta fi ƙarancin masu shan sigari a Tarayyar Turai.

Maman Hanif: Haka ne Baba, masu shan sigari kullum ba su wuce biyar ko shida cikin ɗari ba, kuma babu mai cewa snus ya kai sigari illa ga huhu tunda ba hayaƙi. Wanda ya baro sigari ya dawo nan ya rage wa kansa. Damuwata yaranmu ne da ba su taɓa riƙe sigari ba, sun fara da wannan a makarantar sakandare don abokai. Nikotin ɗin nan kama mutum yake yi ƙam. A jikin gwangwanin ma an rubuta yana cutar da lafiya kuma yana sa jaraba. Mata masu ciki kuwa kullum ana gargaɗinsu su nisance shi, har fararen nan da ake cewa babu taba a ciki.

Ustaz Abu Maryam: Jazakillahu khairan Maman Hanif. Ni ban ga amfanin ɓata lokaci a kan wane niƙa ya fi ba. Abin da ke cutar da jiki kuma yake cin dukiya, malamai da yawa sun hana, wasu sun karhanta. Kuma tunda azumi na tafe, kada wani ya ce ai ba haɗiyewa nake yi ba. Ruwansa na sauka maƙogwaro, yana karya azumi.

Mai Gudanarwa: Ustaz mun gode, an ji nasiha. Amma Ɗan Fagge tambayar wurin aikinsa ya yi, a bar mutane su amsa masa. Wanda ke son zancen hukunci ya buɗe nasa zaren daban.

Ɗan Fagge: Ni ma ba na sawa, Ustaz, sayarwa kawai nake yi kafin Allah ya kawo wani aikin. Amma ga abin da na lura da shi. Masu wannan zaɓen na ɓarza da laushi duk masu furfura ne. In mutum goma suka zo firji, da ƙyar ɗaya ko biyu ke neman na zube. Saura na ƙunshi ne, samari da 'yan mata kuma fararen nan, Velo da Zyn da ire-irensu. Su tambayarsu ɗigo nawa ne a jikin gwangwani masu nuna ƙarfinsa, siriri ne ko babba, na'ana'a ne ko kankana.

Na-Damagaram: Wannan ita ce maganar da ni da Baba ba ma son ji. Muna faɗa a kan rumfar da kasuwa ta riga ta tashi ta bari. Tun da aka fito da na ƙunshi a 1973 abin ke ja baya. Wanda ke aikin ofis ba zai zauna yana cura taba a gaban kwamfuta ba, ga baƙi a farce, ga neman wurin wanke hannu, ga cirewa in ya gama. Na ƙunshi ka sa da yatsa biyu, ka cire ka jefa a murfin sama na gwangwani, ba wanda ya sani. Ni kaina in ina da dogon aiki na ƙunshi nake sa wa a aljihu, na zube sai na dawo gida.

Baba Direba: Ashe bas ɗin da ake ta yi mana alfahari da ita da na ƙunshi ake tuƙa ta.

Na-Damagaram: Baba, wani lokaci na ce. Kar ku ƙara mini gishiri.

'Yar Zango: Baba ya kama ka dumu-dumu, ka haƙura kawai.

Ɗan Fagge: To na ƙunshin shi wane niƙa ne a ciki?

Ɗalibin Uppsala: Shi ma haɗi ne, amma mai saye bai damu ba don takardar ce ke riƙe shi, ba yatsunsa ba. Abin da niƙa ke yi wa mai na zube, danshin takarda ne ke yi wa mai na ƙunshi. Akwai mai jiƙaƙƙiyar takarda mai launin ƙasa, yana saurin sakin ɗanɗano kuma yana saurin zubo da ruwa. Akwai mai busasshiyar farar takarda, yana jinkiri amma yana daɗewa. In ka lura gardamar Baba da Yaya ce dai ta sake riga: mai son ya ji nan take, da mai son ya zauna masa. Fararen da ka ambata kuwa babu ganyen taba a cikinsu, zaren tsirrai ne da aka sarrafa aka zuba masa nikotin da ƙamshi, don haka zancen niƙa bai ma taso ba.

Kawu Minneapolis: Ina biye da ku daga Amurka. Nan ma akwai irin wannan rabuwa a tabar leɓe tasu, Copenhagen da Skoal, amma su yanka suke yi ba niƙa ba. Akwai mai dogon yanka kamar zare-zare, akwai mai ƙanana. Sabon shiga dogon yake saya don ya fi sauƙin tsunkura, tsofaffin hannu su ne masu ƙananan. A leɓen ƙasa suke sawa suna tofi a kwalba, abin ƙyama wallahi. Abin dariya, unguwar da 'yan Somaliya suka cika yanzu a garin nan, titin Cedar, a da laƙabin snus aka yi masa saboda 'yan Suwidin da Norwe da suka zauna a wurin.

Baba Direba: Wato a can an juya, gwanaye ne ke sa mai laushi. Kada Na-Damagaram ya ji.

Na-Damagaram: Na riga na ji, kuma na adana.

Mai Tanda: Ku duka kuna jiran kamfani ya zaɓa muku. Ni da kaina nake haɗa nawa. Ana sayar da garin tabar a kwali, ka zaɓi ɓarzajje ko mai laushi, tare da soda da abin riƙe danshi. Ka kwaɓa da ruwa da gishiri, ka rufe a roba mai jure zafi, ka sa a tanda a wuta ƙasa da ta tafasar ruwa ya kwana ya wuni. Ka fito da shi ka zuba ruwan soda ka juya, ka mayar ya ƙara wasu awoyi. Sannan ka bar shi a firji ya huce na makonni, don in ka sa shi da wuri warin sodar zai ƙona maka leɓe. Na gwada ɓarza zalla, ya ƙi curuwa ko da na murje shi da hannu kamar me. Na gwada laushi zalla, ya yi danƙo ya toshe, ɗanɗano ya ƙi fita. Yanzu kashi biyu ɓarza kashi ɗaya laushi nake yi, kuma na lura yawan murzawar da ka yi masa bayan ya dahu tana canja shi kusan kamar yadda niƙan ke yi. Kuɗin kuma ba a haɗa shi da na shago, ko bayan rage harajin snus da aka yi a ƙarshen 2024.

Maman Hanif: A tandar da ake gasa wa yara kaza? Uwargida ta yarda?

Mai Tanda: Hajiya, ta kore ni tuni. Tsohuwar tanda na saya na kai ɗakin ajiya na ƙasa. Warin ranar farko ko ni ba na iya zama kusa.

Abu Gadarif: Malam Mai Tanda, in mutum ya sa atrun maimakon sodar tasu fa? Ina da ragowar wanda aka kawo mini.

Ɗalibin Uppsala: Kar ka fara, Yaya. Atrun na kasuwa ba a san awon ƙarfinsa ba, wani dunƙulen ya fi wani, ga ƙasa da wasu gishirai a ciki. Sodar da ke cikin kwalin an auna ta daidai da nauyin garin. In ta yi yawa fatar baki za ta saluɓe.

Ɗan Fagge: Wata tambayar kuma. Muna samun 'yan Denmark da ke tsallako gada daga Copenhagen, da Jamusawa masu yawon buɗe ido. Wani ya ce in riƙa aika masa ta gidan waya zai biya ni. Ya halatta?

Na-Damagaram: Kar ka kuskura. Tarayyar Turai ta hana sayar da snus tun 1992, Suwidin ce kaɗai ta samu togiya da za ta shiga a 1995, da sharaɗin ba za ta fitar da shi kasuwar sauran ƙasashen ba. Wanda ya zo da ƙafarsa ya saya don kansa, wannan tsakaninsa da dokar ƙasarsu. Amma kai ka aika a biya ka, ka zama mai fataucinsa, kuma takardar zamanka ba ta kai ka wasa da wannan ba. Ka riƙa tambayar katin shaida ma, ƙasa da shekara 18 ba a sayar masa, ana turo masu gwaji.

Baba Direba: Ka zo Haparanda ka ga ikon Allah. Garin a manne yake da Tornio ta Finlan, shagunan snus jere, motocin 'yan Finlan cike da wurin ajiye mota. Su dai ƙarfi suke nema, na ƙunshi mai ɗigo da yawa. Na taɓa tsayawa a wani babban shago a can ina neman nawa, sai da yarinyar ta shiga ciki ta duba, ta fito da ɗauri ɗaya daga can ƙasan firji.

Mai Tanda: Shi ya sa na ce ku koyi haɗawa, Baba. In kuna saukowa kudu ku biyo ta Gävle in ba ku na gwaji.

Baba Direba: Kashi biyu da ɗaya ka ce? Ka yi mini uku da ɗaya, kuma kar ka sa ƙamshi. Sati mai zuwa ina da lodi zuwa Sundsvall, in an ƙara mini hanya zan kira ka.

Na-Damagaram: Ni ma a ajiye mini, amma a juya awon.

Mai Tanda: Tanda ɗaya ce, roba biyu take ɗauka. Kowa ya turo kuɗin garinsa kafin Juma'a.